Babin da Na Ƙi Janyewa

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin labarin nan iri biyu, kuma babu na daidai a ciki. Mutanen Ruwan Godiya suna cewa Baffa Alhaji Sale, ƙanen mahaifina, ya fitar da ni daga gandun gidanmu ne saboda na tona wa uwata asiri a rediyo don in yi suna. Ɗaliban jami'a kuma, masu zuwa da 'yan na'urorinsu su tasa ni gaba da tambayoyi, sun rubuta cewa na tsaya tsayin daka na yaƙi jahilcin ƙauye. Na farko ya ɓata mini suna, na biyu ya sa mini rigar da ta fi ƙarfina. Gaskiyar magana kuskure na yi, irin na mai ganin ya fi kowa wayo, daga baya Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar da na ƙi gyara kuskuren da ƙarya. Yanzu da idona ya fara gajiya da takarda, gara ku ji daga bakina.

Kun san na yi yawo, amma ba ku san irinsa ba. Ina koyarwa a firamare a Faskari, da albashina da kekena, sai wata rana na ajiye alli na kama hanya, ba wanda ya kore ni. Abin da ya dame ni shi ne tun ina yaro da bulala aka koya mini salla, da bulala aka koya mini boko, ni ma kuma ga ni riƙe da bulala a kan 'ya'yan mutane. Na ce sai na nemo wanda zai nuna mini hanyar Allah ba tare da ya ɗaga mini hannu ba. Na zauna a zawiyar wani shehi a Kano har muryata ta dishe da zikiri. Na bi wani malami mai yawo zuwa ƙasar Barno, muka rabu a kan wata 'yar gardama da ban ma iya tuna ta ba. Na yi su da masunta a tafkin Chadi, na tsinci auduga a Sudan, na kwana a tashoshin da ban san sunansu ba. Na bar suma ta taru, na sa takalmin taya, duk wanda ya gan ni sai ya matsa gefe. Shekara bakwai ke nan. Abin kunyar da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, a shekaru ukun ƙarshe mai neman Allahn nan ko salla ba ya yi. Na gaji, zuciyata ta bushe, sai na juyo gida hannu rabbana.

A hanyar dawowar ne motarmu ta lalace a Ƙanƙara ranar kasuwa. Ina zagayawa don in kashe lokaci sai na ga wani dattijo a rumfar masu dawa, baƙi, ƙaƙƙarfa, yana auna wa wata mata hatsi. Sai idona ya sauka a kan zanen fuskarsa. Zube huɗu a kowane kunci, 'yar baka uku, da bille guda a ƙarƙashin idon hagu. Fuskar da na buɗe ido na gani ke nan a duniya, domin zanen Inna ne, mahaifiyata, ba ragi ba ƙari. Mu dai a gida an gaya mana Inna daga can kudu aka auro ta, danginta sun ƙare. Tsofaffin gari sun san ba haka ba ne, amma abu ne da kowa ya sani kowa ya kama bakinsa. Na tsaya a gaban dattijon nan kamar wawa har ya tambaye ni ko hatsi nake so. Na ce a'a, na faɗa masa sunan garinmu da sunan mahaifina. Ya ajiye mudun a hankali, ya daɗe yana dubana, sannan ya tambaye ni ko tana da rai.

Shi ne Kawu Nomau, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya. Bamaguje ne, gidansa na can bayan Ketare, gida ne babba mai rumbuna fiye da ɗakuna. Inna ta musulunta tana budurwa, ta auri mahaifina, dangin mahaifina kuma suka gindaya sharaɗin cewa daga ranar ba ta da kowa a can. Ta riƙe sharaɗin, su ma can ba su zo sun tayar mata da hankali ba. Na bi Kawu gida da niyyar kwana biyu, na yi damina sukutum. A gidan akwai masu bin al'adar kakanni, akwai ɗansa guda mai zuwa coci, akwai wata 'yarsa da ta musulunta, duk a tukunya ɗaya suke ci ban da ni, domin ni tukunyata daban aka ware mini, in za a yanka kaza kuma sai an aika maƙwabta an kira mai salla ya yanka. Aka sayo mini buta sabuwa. Kwana uku butar nan tana ajiye ko jiƙa ta ban yi ba. A rana ta huɗu muna gona, rana ta karkata, Kawu ya dubi inuwarsa, ya dubi ni, ya kafa hauyarsa a ƙasa.

“Kai ɗan ƙanwata, lokacinku bai yi ba?”

Na ce masa ni na ɗan huta da salla, ina kan bincike ne. Na fara kawo masa irin maganganun da nake burge 'yan tasha da su. Bai bari na kai ƙarshe ba.

“Ƙanwata ta bar gidan ubanta saboda sallag ga. Uwarmu ta mutu tana kiran sunanta. In abin wasa ne, ka faɗa mani in tai in ɗauko ta. In ba na wasa ba ne, ga buta can.”

Na ɗauki buta. Na yi alwala a bakin kunyar gona, na yi salla a kan buhu, na yi kukan da ban yi ba a zawiya ko a Sudan. Tun daga ranar har yau da nake rubuta wannan ban sake barin salla ta wuce ni da gangan ba, kuma mutumin da ya mayar da ni kanta bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba. Ku riƙe wannan, domin duk rigimar da ta biyo baya a kansa take.

Na dawo gida, na aske suma, Baffa ya karɓe ni cikin gandu tunda mahaifina ya rasu ina yawo, aka yi mini aure da uwarku Rabi. Ban gaya wa kowa inda na yi daminar ƙarshe ba. Amma abin yana cina, sai na fara zuba shi a littattafan rubutu na 'yan makaranta. Na ƙirƙiro wani saurayi na ɗora masa yawona, na ƙara masa kyau da baki da farin jinin da ni ban samu ba, na sa wa littafin suna Takalmin Taya. Na canza sunan kowa. Garinmu na mayar da shi wani gari a ƙasar Zazzau, Kawu na ba shi wani suna, Baffa ma na mayar da shi mahauci, abin da har ya mutu bai gane ba. Ina ta yaba wa kaina cewa ko aljani ba zai gane mu ba. Abu ɗaya na bari yadda yake, domin a ganina ado ne kawai na labari: a babi na tara, inda saurayin ya haɗu da kawunsa a kasuwa, na ƙirga zanen fuskar nan ɗaya bayan ɗaya.

Aka buga littafin a Kano, ya yi wata shida ba wanda ya kula shi, sai wani mai gabatar da shiri a gidan rediyo ya ɗauka yana karantawa duk Alhamis bayan la'asar. Daga nan abin ya fi ƙarfina. Samari suka fara sa takalmin taya da gangan, har masu yankan tayar suka ƙara kuɗi. Direbobi suna rubuta maganganun saurayin a bayan motocinsu. Wasu malamai suka yi huɗuba a kaina cewa ina koya wa yara gudun gida, wanda hakan ya sa yaran da ba su ji labarin littafin ba suka bazama nemansa. Wasiƙu suna zuwa mini ta makarantar Faskari ɗauri-ɗauri. Wata rana a kasuwar Sabuwa na tsaya sayen manja, na tarar da wani mai shayi yana ba mutane labarin cewa marubucin abokinsa ne, dogo ne fari mai saje, kuma yanzu haka yana Agadas ya auri Buzuwa. Na ce masa ni na ji an ce gajere ne baƙi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ban san abu ba in riƙa yin shiru. Na yi shiru, na biya kuɗin manjana. Ba zan ɓoye muku ba, daɗin sunan nan ya shige ni sosai, har tafiyata ta canza, uwarku tana cewa ƙofar zaure ta kusa yi mini kaɗan.

A garinmu kuwa duk Alhamis zauren Baffa cika yake yi, domin shi ke da babban rediyo. Baffa yana zama a kan buzunsa yana taunar goro, in an zo wurin dariya ya ce ai tun yana yaro ya san yaron nan zai yi abin faɗa. Haka aka yi ta tafiya lafiya har Alhamis ɗin babi na tara. Ina zaune daga bakin ƙofa. A cikin masu sauraro akwai Sarkin Aska, tsohon wanzamin garinmu, wanda ya yi wa rabin mutanen zauren kaciya da zane. Mai karatu ya fara ƙirga zane, zube huɗu, 'yar baka uku, bille a hagu, na ga Sarkin Aska yana bin ƙirgar da yatsa a kan kuncinsa. Ba da mugunta ya yi ba, sana'arsa ce ta yi magana. Mu marubuta suna muke canzawa mu ɗauka mun ɓoye mutum, mun manta a wajen wanzami zane ya fi suna tabbata.

“Wagga aska ai ba ta Zazzau ba ce,” in ji shi. “Ta Maguzawan bayan Ketare ce. Kuma mutum guda ke da ita garin nan.”

Sai da maganar ta fita ya gane abin da ya faɗa, ya kama bakinsa da hannu. Rediyo ya ci gaba, mai karatu yana ta kwararo yadda Bamaguje ya tura ɗan Musulmi salla. Baffa ya miƙa hannu ya kashe. Mutane suka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana neman takalminsa ba ya duban kowa. Kafin magariba labarin ya gama gari, har matan da ba su taɓa jin shirin ba sun haddace babi na tara.

Washegari da hantsi Baffa ya kira ni. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan fushi mai sanyi ba. Ya ce shi da mahaifina sun yi shekara arba'in suna rufa wa matar nan asiri, sun mayar da ita 'yar gida, ba wanda ya taɓa goranta mata, ni kuma ɗan cikinta na tuɓe ta a kasuwa don direbobi su tafa mini. Ya ce akwai 'yan matan gidan da ba su yi aure ba, in tuna da su. Wani ɓangare na maganarsa gaskiya ne, shi ya sa ta yi mini zafi. Sannan ya zaro takarda da ya sa aka rubuta, wadda ke cewa babi na tara ƙage ne daga farko har ƙarshe, ban taɓa zama a gidan Maguzawa ba, ba ni da wata alaƙa da su. Gidan rediyon sun riga sun gayyace ni hira mako mai zuwa, ya ce in je in karanta ta a can.

“In ka karanta, kai ɗana ne kamar jiya. In ba ka karanta ba, ka fidda hannunka cikin ganduna, ka nemi inda za ka zauna da iyalinka.”

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane nauyin wannan ba. Gandu shi ne gonar gida da rumbun gida da tukunyar gida. Littafin ya kawo mini suna, amma suna ba ya cika rumbu, ga uwarku da goyon Aminu, ga damina ta kawo kai. Duk da haka ba yunwa ce ta fi damuna ba. So nake in san abin da Inna take so, ba ni kuma da hanyar sani. Ni ne ɗanta na fari, kunyata take ji irin ta mutanen da. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, in na gaishe ta sai ta amsa tana duban bango. Tun ranar Alhamis ɗin ta shige ɗaki, ta daina fita ko barka ko gaisuwar mutuwa. Na aiki uwarku ta tambayo mini ita. Ta dawo ta ce Inna ba ta ce komai ba, sai dai ta sa ta maimaita mata babin sau biyu, da aka zo wurin da Kawu ya ce uwarsu ta mutu tana kiran sunanta, sai ta juya ta fuskanci bango. Na tambayi uwarku fushi ne ko me. Ta ce, “Malam, ni ma mace ce, amma ban iya karanta ƙeya ba.”

Na tafi gidan rediyo da takardar Baffa a aljihun gaba, kuma wallahi da niyyar karantawa na tafi. Na ce wa kaina ai littafin labari ne, in na ce ƙage ne ban yi wata babbar ƙarya ba, Kawu kuma yana can bayan Ketare ba ruwansa da rediyo. Aka zaunar da ni a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, aka sa mini abin magana a gaba. Mai shirin ya yi ta tambayata Sudan da Chadi, ina ba shi amsa baki har kunne. Can sai ya ce masu sauraro da yawa sun rubuto suna tambaya, shin dattijon nan na babi na tara akwai shi da gaske? Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar. A daidai lokacin aka ɗaga labulen taga, na ga rana ta karkata, abin da ya fara zo mini shi ne ban yi azahar ba tukuna. Sai na ji kunya ta rufe ni. Wato zan ce mutumin nan babu shi, in fita in yi alwala in yi sallar da shi ya mayar da ni kanta. Na zare hannuna daga aljihu ba komai a ciki.

“Akwai shi,” na ce. “Yana nan da ransa. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, sunansa Nomau. Duk abin da ke cikin littafin nan na yi masa ƙari, ban da shi. Shi rage masa ma na yi.”

Baffa bai saɓa alkawari ba, ni ma ban roƙe shi ba. Aka yanka mini rabon mahaifina a can gefen dutse, wani fako mai tsakuwa da aka daɗe da barin wa awaki. Muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma wani kango a bakin gari, ni da uwarku muka yi masa jinka da hannunmu. Waɗanda suke cika zaure don su ji littafina suka koma amsa sallamata a taƙaice. Wata mata ta fasa nema wa ɗanta auren ƙanwata, ƙanwar tawa ta yi shekara biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Inna tana gidan Baffa, ban ji daga gare ta ba ko da saƙon gaisuwa, wannan ya fi komai cina. Na shuka dawa da gero a fakon nan ni kaɗai. Ruwa ya zauna, shuka ta fito, ciyawar harƙiya ta fito ta fi ta ƙarfi. Hannun da ya saba da alƙalami ya yi kanta ya fashe. Lokacin noman farko ya kusa wucewa ban ci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, masu wucewa suna cewa a kira direbobi su zo su taya marubuci.

Wata Talata da sassafe ina gona sai na ji kiɗa daga hanyar Sheme. Na ɗauka biki ne. Kiɗan ya yi ta matsowa har na gane gangar noma ce. Sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin hanya, maza suna ta dirowa da hauyoyi a kafaɗa, na ƙirga har talatin da wani abu na bari. A gabansu Kawu Nomau ne, ya ƙara tsufa amma tafiyarsa na nan. Ashe ɗansa mai zuwa coci yana da rediyo, duk gidan sun ji hirar, daga baya kuma suka ji a kasuwar Ƙanƙara abin da ya same ni. Gayya ya haɗo, daga gidansa da gidajen maƙwabta, masu salla da masu coci da masu al'ada, duk a mota ɗaya. Ko doguwar gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya dubi gonar, ya dubi hannuna, ya ce shi dai bai ga abin da Sudan ta koya mini ba. Sannan ya ɗaga wa makaɗi hannu.

Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba, ba na jin kuma zan sake gani. Suka jeru kafaɗa da kafaɗa, makaɗi yana binsu a baya yana kiran kowa da kirarin gidansu, ƙasa tana tashi, harƙiya tana kwanciya. Kafin rana ta take sun ci rabin gonar. Garin Ruwan Godiya kuwa ya fito kallo. Da farko daga nesa aka tsaya, a ƙarƙashin ɗorawa, ana nuna zanen fuskokinsu da baki. Manomi dai manomi ne, ba ya iya ganin aiki mai kyau ya yi shiru. Na ji wani yana cewa dubi yadda wancan ke juya hauya. Can sai ga Sarkin Aska, wanda tun ranar zaure yake kauce mini, ya zo da 'yar hauyarsa ya shiga layi, samari huɗu ko biyar suka bi shi. Ni kuwa murna ta cika ni, tsoro kuma ya kama ni, domin al'adar gayya mai gona ke ciyarwa, ni kuma abin da ke kangona ba zai ƙosar da mutum biyar ba. Na aika wa uwarku ta dafa duk abin da ke akwai, aka dawo aka ce mini ba ta gida.

Rana ta take, makaɗi ya sassauta, sai na ga masu kallo suna darewa biyu. Mata ne tafe a jere da ƙore da akusa a ka. Uwarku ce ta biyu. Ta farkon, wadda ta ɗauko ƙwaryar fura mafi girma, Inna ce. Daga baya uwarku ta ba ni labari cewa tun da gangar ta shigo gari Inna ta fito tsakar gida ta tsaya, domin ta gane kiɗan gidansu. Ta buɗe rumbunta na kanta, ta tara matan gida, aka hau daka. Da za su fito Baffa yana zaure, ya tambaye ta ina za ta. Ta durƙusa yadda ta saba, ta ce masa baƙi sun zo gonar ɗan wansa, kuma ba a taɓa yin gayya a gonar gidan nan aka bar mutane da yunwa ba, in ya yarda a fara yau to ta koma. Baffa ya kawar da ƙafarsa daga hanya. Bai zo gonar ba, bai kuma mayar da ni gandu ba har ya bar duniya, amma da yamma ya aiko da ƙwaryar goro a ba baƙi, Allah ya jiƙansa.

Inna ta ratsa tsakiyar mutanen gari da rana tsaka, mayafinta a kafaɗa, fuskarta a buɗe, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, yadda ta saba. Ta sauke ƙwaryar a gindin wata kanya, ta miƙe. Kawu yana tsakiyar gona, ya juyo, ya saki hauyar ta faɗi. Ya taho a hankali yana goge hannu a riga, ya tsaya kamar taku uku daga gare ta. Makaɗi ya ɗauke hannu. Tsofaffi biyu masu fuska iri ɗaya suka tsaya suna duban juna, duk garin yana kallo, ni kuma har lokacin ban san ko ta yafe mini ba.

“Gwamma,” in ji Kawu.

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a Ruwan Godiya. Ni da ta haifa ban san shi ba. Shekara arba'in ana kiranta da sunan da aka raɗa mata ranar da ta musulunta. Ta dubi taron mutanen gari, ta dubi yayanta, ta amsa da muryar da na baya ma sai da suka ji.

“Na'am, Yaya.”

Suka zauna a gindin kanyar, ta dama masa fura da hannunta, ya riƙa lissafa mata waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, tana kuka tana dariya. Na tsaya daga nesa ban matsa ba. Da aka gama rabon abinci sai uwarku ta zo mini da wata 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ta ce Inna ce ta ware tun a gida, ta ce a ba mai gonar, a kuma gaya masa ya sha da sauri ya koma layi, kada ya bar kawunsa yana yi masa noma yana tsaye.